Althea Gibson (1927–2003): Tarihin Rayuwarta da Gwagwarmayarta a Fagen Wasan Tanis

Gabatarwa

Duk wanda ya kalli manyan gasannin tanis na duniya a wannan zamani, ya ga baƙaƙen mata suna shiga fili ana yi musu tafi, suna ɗaukar kofi suna karɓar miliyoyin daloli, yana iya zaton haka abin yake tun fil azal. Alhali kuwa har zuwa shekarar 1950 babu wani baƙar fata, mace ko namiji, da aka taɓa bari ya buga wasa a babbar gasar ƙasar Amurka. Wadda ta fara shiga wannan gasa, kuma ta zama baƙar fata ta farko da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya, ita ce Althea Gibson. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi tarihinta tun daga haihuwa har rasuwa, a ga yadda ta taso, da mutanen da suka tallafe ta, da nasarorin da ta samu. Daga nan kuma a duba dalilin da ya sa macen da ta fi kowace mace iya tanis a duniya shekaru biyu a jere ta tsufa cikin rashi, har sai da aka yi mata karo-karo. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi cancantar mai nazari ya tsaya a kanta.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a ɗan yi bayanin wasan domin wanda bai saba da shi ba. Mutum biyu ke yin tanis, ko kuwa mutum huɗu bibbiyu, a fili mai raga a tsakiya, kowa riƙe da raket yana mayar wa abokin karawarsa ƙwallo ta saman ragar. Ana kasa wasan turmi-turmi kamar dambe. Ana cinye turmi da zubi shida, muddin an ba abokin karawa ratar zubi biyu. A zamanin Althea, idan ratar ba ta samu ba sai a yi ta yi har ta samu. A wasan mata, wadda ta riga cin turmi biyu ita ce ta yi nasara. Manyan gasannin kuwa su ne na Ostireliya, da na Faransa, da na Wimbledon a Ingila, da na Amurka.

Asalinta da Ƙuruciyarta

An haifi Althea ranar 25 ga Agusta 1927 a wani ɗan ƙauye mai suna Silver, cikin jihar Carolina ta Kudu. Iyayenta, Daniel da Annie Bell Gibson, manoman auduga ne masu noma-mu-raba, watau suna noma gonar da ba tasu ba, idan kaka ta yi a raba amfanin da mai ƙasa. Irin wannan noma shi ne ya maye gurbin bauta a kudancin Amurka, kuma da wuya mai yinsa ya fita daga bashi. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye, farashin auduga ya faɗi, sai iyalin suka bi sahun dubban baƙaƙen da ke ƙaura zuwa biranen arewa. A 1930 suka zauna a unguwar Harlem ta birnin New York, a titi na 143. Althea ce babba cikin 'ya'ya biyar.

Ba ta yi ƙuruciya mai daɗi ba. Gidan matsattse ne, uban kuma mai zafin hannu ne. Shi ya koya mata dambe, har ta zama ba ta shakkar kowane yaro a unguwar. Makaranta ba ta dame ta ba. Ta fi son yawon titi da ƙwallon kwando da shiga silima. Tana da shekara goma sha uku ta daina zuwa makaranta, akwai kuma lokacin da tsoron dukan mahaifinta ya sa ta fake a gidan kula da yaran da ake cuta wa. Da a nan labarin ya tsaya, da ba a ji sunanta ba.

Abin da ya canza al'amarin ƙaramin abu ne. Wata ƙungiyar wasanni ta 'yan sandan birnin takan rufe titinsu da rana, a hana motoci wucewa domin yara su yi wasa. A nan Althea ta koyi wani ƙaramin tanis da ake bugawa da faifan katako, kuma a 1939, tana da shekara goma sha biyu, ta zama zakarar matan birnin New York a wannan wasa. Wani makaɗi mai suna Buddy Walker, wanda ke sa ido a kan yaran titin, ya lura da ƙarfin hannunta, ya ɗanɗana mata tanis na sosai. Maƙwabta suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin shiga kulob ɗin Cosmopolitan, inda manyan baƙaƙen Harlem ke wasa. Malaminta na farko a can shi ne Fred Johnson, mutum mai hannu ɗaya. Da fari ladubban wasan sun gundure ta, domin yarinyar da ta saba raba gardama da naushi ba ta ga dalilin miƙa hannu ga wanda ya kayar da ita ba.

Likitoci Biyu

Tun da ba a yarda baƙaƙe su shiga kulob-kulob na Turawa ba, sai suka kafa tasu ƙungiyar tanis a 1916, wadda ake kira ATA a taƙaice. A ƙarƙashinta Althea ta fara gasa. Ta ci kofin 'yan mata na ƙasa a 1944 da 1945. A 1946 ta kai wasan ƙarshe na manya, aka cinye ta. Amma cikin 'yan kallo akwai likitoci biyu baƙaƙe masu sha'awar tanis: Dokta Hubert Eaton na garin Wilmington a Carolina ta Arewa, da Dokta Robert Walter Johnson na garin Lynchburg a Virginia. Sun daɗe suna neman wanda zai iya karya shingen da ke tsakanin tanis ɗin baƙi da na fari, kuma sun ga alamar haka a jikinta. Sai dai sun gane cewa ƙarfin hannu kaɗai ba zai isa ba, tana bukatar ilimi da tarbiyya. Saboda haka suka yi mata tayi: ta zauna a gidan Dokta Eaton ta koma makaranta, da hutu kuma ta tafi wurin Dokta Johnson ya riƙa kai ta gasanni. Shahararren ɗan damben nan Sugar Ray Robinson da matarsa, waɗanda suka riƙe ta kamar ƙanwa har suka saya mata kakakin Turawa da ake kira saksafon, suka ƙarfafa mata gwiwa ta karɓa.

Ta haka ne budurwa 'yar shekara goma sha tara ta koma aji ta zauna da ƙannenta. A Wilmington ta ga wariyar launin fata ta kudu a fili, irin wadda doka ta tsara, inda baƙar fata ke zama a kujerun baya na motar safa, makarantarsa dabam, wurin cin abincinsa dabam. Ta daure ta gama sakandare a 1949, ta sami gurbin karatu kyauta saboda wasanni a kwalejin baƙaƙe ta Florida A&M da ke Tallahassee, inda ta karɓi digirinta a 1953. A fagen wasa kuwa, daga 1947 zuwa 1956 ta ci kofin matan ATA sau goma a jere. Shi Dokta Johnson ɗin nan shi ne kuma daga baya ya reni Arthur Ashe.

Shekarar 1950

Ƙungiyar tanis ta Amurka ba ta da wata rubutacciyar doka da ta hana baƙi shiga babbar gasarta da ake yi a Forest Hills. Dabarar da ake yi ita ce, ba a karɓar ɗan wasa sai ya nuna bajinta a ƙananan gasannin da ake yi a filayen ciyawa, su kuwa waɗannan gasanni kulob-kulob na Turawa zalla ke shirya su, kuma sai wanda suka gayyata. Ashe ke nan an rufe ƙofa ba tare da an ce an rufe ba. An bar Althea ta shiga gasar ƙasa ta cikin zaure a 1949, a 1950 kuma ta kai wasan ƙarshe a wannan gasa, amma duk da haka gayyatar filayen ciyawa ba ta zo ba.

Wadda ta fasa ƙwan Baturiya ce, Alice Marble, tsohuwar zakarar Wimbledon wadda ta ci gasar Amurka sau huɗu. A watan Yuli 1950 ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a wata mujallar tanis, ta nuna cewa abin kunya ne wasan da ke taƙama da mutunci ya hana mutum gwada ƙarfinsa saboda launin fatarsa, kuma idan yarinyar nan barazana ce ga gwanayen mata, to wurin da ya dace su tare ta shi ne cikin fili. Maganar ta fito daga bakin da ba a iya rainawa. Ba da daɗewa ba gayyata ta zo, kuma a ƙarshen Agusta, 'yan kwanaki bayan ta cika shekara ashirin da uku, Althea ta shiga filin Forest Hills. Shekara uku ke nan bayan Jackie Robinson ya karya irin wannan shinge a wasan besbol.

Ta cinye Barbara Knapp ta Ingila a zagayen farko. A zagaye na biyu aka haɗa ta da Louise Brough, wadda ta ci Wimbledon shekara uku a jere. Brough ta ɗauki turmin farko da 6–1, Althea ta rama da 6–3. A turmi na uku Althea tana gaba da 7–6, saura zubi ɗaya ta kayar da zakarar Wimbledon, sai hadari ya taso, ruwa ya ɓarke, aradu ta faɗo ta kayar da ɗaya daga cikin gumakan mikiya na dutse da ke saman filin. Tilas aka ɗage wasan. Althea ta kwana da wannan nauyi a zuciyarta, ga 'yan jarida sun yi mata caa. Kashegari Brough ta ci zubi uku a jere, ta ƙarasa da 9–7. An cinye Althea, amma daga ranar babu wanda ya sake iya cewa baƙar mace ba ta kai ta tsaya a wannan fili ba.

Shekarun Jira

Mai karatu zai yi tsammanin daga nan sai nasara. Ba haka aka yi ba. A 1951 ta ci kofinta na farko a ƙasar waje, a Jamaika, ta kuma buga Wimbledon karo na farko, aka fitar da ita a zagaye na uku. Shekaru biyar suka wuce ba ta ci wata babbar gasa ba. Doguwa ce, ƙafa biyar da inci goma sha ɗaya, bugun farkonta yana da ƙarfi ƙwarai, tana kuma son rugawa gaban raga ta kashe ƙwallo. Amma bugunta daga bayan fili bai zauna ba, ga yawan kuskure idan wasa ya yi tsanani. Dalili a fili yake: abokan karawarta sun taso suna gwabzawa da gwanaye tun suna yara, ita kuwa sai da ta girma aka bar ta ta gamu da su. Daɗin daɗawa, akwai gasannin da ake barinta ta yi wasa amma a hana ta ɗakin canza tufafi, akwai kuma otal-otal da ke ƙin ba ta masauki.

Bayan ta gama digiri ta kama aikin koyar da motsa jiki a Jami'ar Lincoln da ke Jefferson City a jihar Missouri, ta yi shekara biyu. Jaridun da suka yi ta kurara ta a 1950 suka fara cewa ta ba da kunya. Har ta yanke shawarar barin tanis ta shiga aikin soja. Wanda ya hana ta shi ne sabon malaminta, Sydney Llewellyn, mutumin Jamaika mai tuƙa tasi a Harlem, wanda ya gyara mata riƙon raket, ya koya mata haƙuri a cikin wasa.

A ƙarshen 1955 Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ta gayyace ta rangadin sada zumunci a Asiya, tare da Turawa uku: Ham Richardson, da Bob Perry, da Karol Fageros. Gayyatar ba ta rasa nasaba da siyasa ba. A shekarar ne aka kashe yaron nan Emmett Till a Mississippi, labarin ya zaga duniya, Amurka kuma tana takara da Tarayyar Sobiyet wajen jawo hankalin ƙasashen da ke fita daga mulkin mallaka. Althea ta san ana so a nuna ta ne, amma ta tafi. Sun zaga Bama da Silon da Indiya da Fakistan da Tailan. A can ta ga dubban mutane masu duhun fata suna murna da ita kamar tasu, kuma a karo na farko ta sami damar yin wasa kullum ba tare da tunanin abinci da masauki ba. Da rangadin ya ƙare ba ta koma gida ba. Ta zarce gasannin Asiya da Turai, ta ci goma sha shida daga cikin goma sha takwas.

Ganiyar Nasara

A watan Mayu 1956, a birnin Paris, ta cinye Angela Mortimer ta Ingila da 6–0 da 12–10, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu. A wasan bibbiyu abokiyarta ita ce Angela Buxton, Bayahudiya 'yar Ingila, wadda ita ma ta sha ƙyama a kulob-kulob na ƙasarta saboda asalinta. A Indiya abotarsu ta ƙullu, kuma a gidanta Althea ke sauka a Landan. Tare suka ci kofin bibbiyu a Paris da Wimbledon a wannan shekara. A wasan ɗai-ɗai kuwa, Shirley Fry ta zame mata ƙarfen ƙafa: ta fitar da ita a Wimbledon, ta cinye ta a wasan ƙarshe na Amurka, ta sake cinye ta a wasan ƙarshe na Ostireliya a farkon 1957.

Shekarar 1957 ita ce shekararta. A Wimbledon ba ta bar ko turmi ɗaya ya kuɓuce mata ba. Ranar 6 ga Yuli, cikin tsananin zafi, ta cinye Darlene Hard da 6–3 da 6–2, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sauko fili ta miƙa mata farantin nasara hannu da hannu. 'Yar manoman auduga, wadda aka tilasta wa zama a bayan motar safa shekaru goma da suka wuce, ita ce tsaye a gaban sarauniyar Ingila. Da ta koma New York aka yi mata jerin gwano a titin Broadway, ana watso yankakkun takardu daga benaye, girmamawar da kafin ita Jesse Owens ne kaɗai baƙar fatar da aka yi wa. A watan Satumba ta shiga wasan ƙarshe a Forest Hills, wadda ta tarar a gabanta kuwa ita ce Louise Brough ɗin nan ta 1950. Althea ta cinye ta da 6–3 da 6–2, mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon ya miƙa mata kofi. Ya kamata a tuna cewa a wannan wata ne aka girke sojoji a ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock domin hana yara tara baƙaƙe shiga, kuma a watan Maris na shekarar ne Ghana ta sami mulkin kai. Saboda haka baƙaƙen duniya suka ɗauki nasararta a matsayin tasu.

A 1958 ta maimaita. Ta cinye Angela Mortimer a Wimbledon da 8–6 da 6–2, ta cinye Darlene Hard a Forest Hills bayan ta rasa turmin farko. Ta ci kofin bibbiyu na Wimbledon shekara uku a jere, kowace shekara da abokiya dabam: Buxton, da Hard, da Maria Bueno ta Brazil. Jimillar manyan kofunanta goma sha ɗaya ne: biyar na ɗai-ɗai, biyar na bibbiyu, ɗaya na mace da namiji. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya zaɓe ta gwarzuwar 'yan wasa mata ta shekara a 1957 da 1958.

Duk da haka ba ta tsira daga suka ba, har daga mutanenta. Wasu jaridun baƙaƙe sun zarge ta da girman kai da ƙin buɗe baki kan wariyar launin fata, suna gwada ta da Jackie Robinson wanda ba ya shiru. Ra'ayinta shi ne, ita 'yar wasa ce, kuma abin da za ta iya yi wa jama'arta shi ne ta yi nasara a fili. Masu sukar suna da hujja, gama zamanin na gwagwarmaya ne, muryar mai suna kuma tana da nauyi. Amma adalci ne a tuna cewa ita kaɗai ce baƙa a duk inda ta shiga, ba ta da albashi, kuma kowace gasa sai an gayyace ta. Wanda cinsa ke hannun masu gayyata, maganarsa tana da tsada. Shingen kuwa bai faɗi ba don ta ci kofi: a 1959 kulob ɗin Forest Hills, inda ta yi nasara sau biyu, ya ƙi karɓar ɗan Ralph Bunche, baƙar fatar da ya ci lambar Nobel ta zaman lafiya, sai da aka yi ta surutu kafin kulob ɗin ya janye.

Barin Tanis da Neman Abinci

A ƙarshen 1958, tana da shekara talatin da ɗaya, tana kuma kan gaba a duniya, Althea ta bar manyan gasanni. Dalilin kuɗi ne. A wancan zamani manyan gasanni na 'yan wasan sha'awa ne kawai; wanda ya ci ba a ba shi ko sisin kwabo, sai kofi da ɗan kuɗin mota da masauki, wanda kuma ya karɓi lada don wasa an kore shi ke nan. Wannan tsari masu hali suka ƙirƙiro shi domin masu hali. 'Yar attajiri tana iya shekara goma tana yawon gasa da kuɗin gidansu. Althea kuwa ba ta da irin wannan gata. Kofi ba ya biyan kuɗin haya.

Daga nan ta shiga buga-buga. A 1958 ta fitar da tarihin rayuwarta, wanda ma'anar sunansa ita ce ta daɗe tana burin zama wata aba. Da yake tana da murya, ta yi faifan waƙoƙi. A 1959 ta fito a fim ɗin John Ford tare da John Wayne, aka ba ta matsayin baiwa, amma ta ƙi yin maganar da karyayyen Turancin da aka rubuta mata, domin ta ga ƙasƙanci ne. Sa'an nan ta zama 'yar wasan sana'a, tana karawa da Karol Fageros don nishaɗin 'yan kallo kafin wasannin ƙwallon kwando na ƙungiyar Harlem Globetrotters. A 1960 ta ci gasar mata 'yan sana'a a Cleveland, ladan da ta samu bai wuce kimanin dala 500 ba. Ta kuma lura cewa Turawan da ta sha cinyewa suna samun tayin talla da na koyarwa a manyan kulob, ita kuwa shiru.

Tana da shekara talatin da bakwai, a 1964, ta zama baƙar mace ta farko a ƙungiyar mata 'yan golf na sana'a ta Amurka. Nan ma ta tarar da abin da ta baro: akwai wuraren da takan canza tufafi a cikin motarta don an hana ta shiga ginin kulob. Mafi kyawun sakamakonta shi ne na biyu, a wata gasa a jihar Ohio a 1970, kuma duk abin da ta tara a golf har ta bari a 1978 bai wuce dala 25,000 ba. Ana cikin haka, a 1968, aka buɗe manyan gasannin tanis ga 'yan sana'a, aka fara ba da kuɗi. A Wimbledon ta wannan shekara Billie Jean King ta karɓi fam 750, daga nan kuɗin ya yi ta hauhawa. Shekara goma kacal ke tsakanin barin Althea da wannan sauyi, amma lokacin ta haura arba'in, ƙafa ta yi nauyi.

A 1971 aka shigar da sunanta zauren tunawa da gwanayen tanis na duniya da ke Newport. A tsakiyar shekarun 1970 aka naɗa ta kwamishinar wasanni ta jihar New Jersey, amma ba ta daɗe ba ta ajiye aikin, domin ta ga an ba ta suna ba a ba ta iko da kuɗin aiki ba. A 1977 ta nemi kujerar majalisar dattawan jihar, ba ta samu ba. Ta shafe shekaru tana koya wa yaran unguwannin talakawa tanis. Ta yi aure sau biyu, da William Darben a 1965, da malaminta Sydney Llewellyn a 1983. Duka auren biyu sun mutu, ba ta kuma haihu ba.

Ƙarshen Rayuwarta

Tun daga ƙarshen shekarun 1980 lafiyarta ta fara taɓarɓarewa, a 1992 kuma ta gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Kuɗin magani ya cinye ɗan abin da ta ajiye. Ta kulle kanta a gidanta na East Orange, ba ta son a gan ta cikin wannan hali. A tsakiyar shekarun 1990 ta buga wa Angela Buxton waya, ta shaida mata cewa ba ta da kuɗin haya da na magani, kuma ta gaji da rayuwa. Buxton ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta sa aka buga wasiƙar neman taimako a wata mujallar tanis, jama'a daga ƙasashe dabam-dabam suka yi ta aiko da gudummawa har ta kai kusan dala miliyan ɗaya. Yadda maƙwabtan Harlem suka yi karo-karo suka shigar da ita wasan, haka masoyan wasan suka yi karo-karo suka rufa mata asiri a ƙarshe. Ta rasu ranar 28 ga Satumba 2003 a East Orange, tana da shekara saba'in da shida.

Kammalawa

Idan aka auna girman abin da Althea ta yi da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a maimaita shi, za a fi gane shi. Arthur Ashe ya ci gasar Amurka a 1968, ya ci Wimbledon a 1975. Amma a ɓangaren mata, sai a 1999, bayan shekara arba'in da ɗaya, wata baƙar Ba'amurkiya ta sake cin babbar gasa, watau Serena Williams, yayarta Venus kuma ta ci Wimbledon a 2000. Althea tana raye ta ga duka biyun. A 2019 aka kafa mutum-mutuminta a harabar da ake yin gasar Amurka a New York, shekara goma sha shida bayan rasuwarta.

Abubuwa biyu ne suka fito fili a wannan tarihi. Na farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hazaƙarta tata ce, amma ba don makaɗin titi, da malami mai hannu ɗaya, da likitoci biyu, da direban tasi, da Baturiyar da ta rubuta wasiƙa, da Bayahudiyar da ta ba ta masauki ba, da hazaƙar ta mutu a titi na 143. Babu shakka akwai ire-irenta da yawa da ba su gamu da irin waɗannan mutane ba. Na biyu, ba dokar wariya kaɗai ke tauye mutum ba. Dokar wasan sha'awa ba ta ambaci launin kowa ba, amma ita ce ta fitar da Althea daga fili tana kan ganiyarta, ita ce kuma ta sa ta tsufa hannu rabbana. Ƙofar da ta buɗe ta wadata waɗanda suka biyo bayanta. Ita kanta abin da ta samu shi ne kofuna goma sha ɗaya da suna, sai kuma abokiya ɗaya da ta amsa waya a ranar da ake bukata.